Tayar P ko ta LT: amsa ga mai a-kori-kura daga Wurno

Wani manomin albasa daga Wurno ya aiko da tambaya. Yana da a-kori-kura da yake kwaso albasa daga fadama zuwa kasuwa a Sakkwato, kuma tayar baya ta fashe masa da kaya a bazarar da ta wuce. Da ya je sayen sababbi, mai shago ya nuna masa iri biyu masu girma ɗaya: mai harafin P tana da sauƙin kuɗi, mai LT tana da tsada. Wacce zai ɗauka?

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ga irin aikinka, LT za ka saya, amma da sharaɗin da zan faɗa maka, domin in babu shi ka zubar da kuɗinka ne kawai.

Ka durƙusa ka karanta rubutun da ke gefen tayar. P alama ce ta tayar motar ɗaukar mutane. LT kuwa ta ƙananan motocin kaya ce, haka ma wadda lambarta ta ƙare da C, kamar 205R16C. Bayan girman akwai wata lamba da ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. P245/75R16 mai lamba 109 tana ɗaukar kilo 1,030, amma ƙa'idar masu ƙera taya ita ce in an sa irinta a motar kaya sai an rage, ta koma wajen kilo 936. LT245/75R16 mai lamba 120 kuwa tana kaiwa wajen kilo 1,400. Girma ɗaya, ƙarfi ba ɗaya ba. Gefenta ma ya fi kauri, kuma a nan ne ƙayar bagaruwa da kututturen karan dawa suke yi wa manomi ɓarna, wurin da faci ba ya riƙewa.

To ga sharaɗin: iska. Abin da ke ɗauke da buhunan albasarka iskar da ke cikin tayar ce, robar tana tsare ta ne kawai. Tayar P takan kai iyakar ƙarfinta da iska 35 a geji (a ma'aunin psi). Ita LT mai 10PR (PR alamar ƙarfin jikin taya ce, tana rubuce a gefenta) sai an kai ta 80 kafin ta ba da cikakken ƙarfinta, mai 8PR 65, mai 6PR 50. Masu faci da yawa sun saba da ƙananan motoci, sai su ɗura 35 su ce an gama. A kan 35, waccan LT ɗin ba ta ɗaukar ko kilo 800, wato ta koma ƙasa da mai arahar da ka bari a shago. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don taya mai ƙarancin iska lanƙwasa take yi a kowane juyi, zafi na taruwa a cikinta, ga kwaltar Sakkwato a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40. A nan ne take rabuwa da zanenta, wani lokacin da 'yan dako zaune a kan kaya.

Saboda haka ka mallaki geji naka, ka auna da sassafe kafin mota ta motsa. Ranar lodi ka ƙara wa na baya daidai nauyin kayan, kada ka wuce lambar da aka rubuta a gefen tayar, kuma ka tambayi mai taya ko rim ɗinka da bawul za su jure iska mai yawa haka. In ka tsaya a hanya ka ga gejin ya hau, kada ka sace iskar. Zafi ne, za ta sauka da kanta. In ka rage iska don ratsa rairayi, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta.

Kada kuma ka ɗauka LT ta mayar da motarka tirela. Aksil, sifirin da birki suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma galibin irin waɗannan motoci wajen tan ɗaya aka yi su domin shi, har da direba da duk wanda ya hau. Buhun taki 20 masu kilo 50 sun riga sun cike wannan. Sawu biyu ya fi kwana a daji.

Tana da nata cikas: ta fi nauyi, tana ɗan ƙara shan mai, in babu kaya motar takan yi tsalle a gargada. Wanda motarsa ba ta barin cikin gari, iyali kawai take ɗauka da ɗan buhun gero, P ta ishe shi muddin lambar nauyinta ba ta gaza wadda ke manne a jikin ƙofar direba ba.

In kuɗi ba su kai na huɗu ba, ka fara da biyun baya, iri ɗaya, kada ka haɗa P da LT a aksil ɗaya. Kafin ka biya, nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana lissafa shekara huɗu ne daga wannan kwanan wata, don haka tayar gwanjo mai kyan zane ma sai ka duba shekarunta, har da safayar da ke rataye a ƙarƙashin mota.