Amsa: ana yafe bashin karatu a Amurka da gaske?

'Yar'uwa da kika ce kina aikin nas a asibitin gwamnati a Amurka kuma bashin karatu ya danne ki, eh ana yafewa wallahi, amma fara dubawa tukun, bashin na gwamnatin tarayya ne ko na banki? In na banki ne toh babu maganar yafiya.

In Direct Loan ne, wato bashin da gwamnatin tarayya ke bayarwa kai tsaye, akwai shirin PSLF na yafe bashi ga masu yi wa jama'a hidima da aka kafa a 2007, kina aiki cikakken lokaci a gwamnati ko ƙungiyar agaji, ki biya sau 120, shekara 10 kenan, sai su goge sauran. Ki shiga tsarin biya daidai da albashi irin IBR don kuɗin wata ya sauko, kuma duk shekara ki sa wajen aikinki su sa hannu a fom ɗin PSLF mai tabbatar da cewa kina aiki a wurin, mutane da yawa anan suke tafka asara.

Don Allah kar ki mayar da bashin zuwa kamfani mai zaman kansa saboda ruwa kaɗan, kin fita daga shirin kenan. Yafiyar bashin karatu ta bai ɗaya da tsohon shugaban ƙasa Biden ya sanar kuwa kotun ƙoli ta soke ta a 2023. Komai kyauta ne a studentaid.gov, duk wanda ya kira ki yana neman kuɗin cike fom ɗan damfara ne.