Tambaya da Amsa: In an ce takunkumi bai shafi abinci ba, me ke hana shi isa ga talaka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Daura, ina cin kasuwar Mai'aduwa. Lokacin da aka rufe iyakar Kwangwalam da ke tsakaninmu da Nijar a 2023, 'yan'uwana na Matamai da Damagaram sun ji jiki. Amma kullum a rediyo sai in ji ana cewa takunkumi ba ya hana abincin agaji isa ga fararen hula. Doka ce ta faɗi haka, ko daɗin baki ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Doka ce, tana nan a rubuce. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami kan fararen hula, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya jaddada haka a ƙuduri mai lamba 2417 na shekarar 2018. Sai dai kai ka fi ni sani, buhun gero ba ya tafiya da ƙafarsa. Kafin ya isa gidan da ake jiransa sai an biya kuɗinsa ta banki, an samu tirela da mai, an yi masa inshora, an kuma buɗe masa hanya. Galibi waɗannan takunkumi ke kamawa. Sai a ce abinci halas ne, alhali an ɗaure duk abin da zai kai shi.

Iraƙi ce ta koya wa duniya wannan. A watan Agustan 1990, bayan Saddam Husaini ya mamaye Kuwait, ƙuduri mai lamba 661 ya toshe cinikin ƙasar, ya bar ƙofa ga magani, da abinci in akwai larurar jinƙai. To ƙasar da ke sayo mafi yawan abincinta daga waje, an hana ta sayar da man fetur, da me za ta saya? Sai a 1995 aka amince da shirin musayar mai da abinci, kuma bai kama aiki ba sai Disamban 1996. Kuɗin man na shiga asusun da Majalisar ke riƙe da shi, kowane gida na karɓar fulawa, shinkafa, sukari, ganyen shayi da man girki duk wata da katin rabo. Cikin ya samu abin taɓawa, amma kayan gyaran famfo da wutar lantarki sukan daɗe a hannun kwamitin tantancewa, don gudun kada a karkatar da su ga aikin soja. Yaro ya ci tuwo ya kora da gurɓataccen ruwa, ina amfanin baɗi ba rai? Manyan jami'an Majalisar biyu da suka jagoranci aikin agaji a Bagadaza, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, ajiye aiki suka yi don nuna rashin amincewa.

Daga nan aka koma ga takunkumin da ke auna shugabanni: a rufe asusunsu, a hana su tafiya. An samu sauƙi, amma wata cuta ta ɓullo, wato tsoron banki. A 2014 Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda hulɗa da Sudan, Iran da Kyuba. Ma'aikacin bankin da ya ji wannan, in takardar sayen alkama ta zo gabansa ɗauke da sunan ɗaya daga cikin ƙasashen nan, ko da lasisinta a maƙale, ture ta zai yi gefe. In ya ƙi ta ba mai hukunta shi, in ya karɓa aka samu kuskure aikinsa ya tafi. Shi ya sa a ranar 9 ga Disamban 2022 Amurka da Ayalan suka kawo ƙuduri mai lamba 2664, wanda ya ce rufe kadarori da Majalisar ta yi ba zai hana biyan kuɗi ko kai kayan agaji ba.

Yanzu mu dawo gida. Wancan ƙuduri takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai ya shafa. Na Nijar kuwa ECOWAS ce ta ƙaƙaba shi a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Bazoum. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma a sanarwar farko ba a ware abinci da magani ƙarara ba. A ganina nan aka tafka kuskure, domin damina ce, tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba. Na bi ta Magamar Jibiya a waɗannan makonni. Tireloli a jere kamar an dasa su, direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota suna dafa taliya a risho, wani yaron mota na kwance tamfol yana duba ko kayan da ke ciki sun fara wari.

Kayan Hukumar Abinci ta Duniya ma da ake saukewa a Kwatano sun maƙale, tunda gadar Malanbil zuwa Gaya, da ke iyakar Benin da Nijar, a rufe take. Aka koma zagaye ta Lome, a ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, tafiya ta yi tsawo, kuɗin dako ya tashi. Kada kuma a ɗora wa ɓangare ɗaya: sojojin Yamai su ma sun tare gadar ta gefensu, kuma ko bayan ɗage takunkumin ba su buɗe ta ba.

Ga abin da masu magana a rediyo ba su cika faɗa ba. Ko da an bar duk motocin agaji sun wuce, agaji na waɗanda aka rubuta sunansu ne, 'yan gudun hijira, yara masu tamowa, mata masu ciki da masu shayarwa. Sauran jama'a, har da 'yan'uwanka na Matamai, kasuwa ke ciyar da su, irin ta Mai'aduwa da Jibiya da Dawanau, inda masara ke hawa arewa, wake da dabbobi na gangarowa. Da aka rufe babbar hanya kayan ba su daina tafiya ba, sun koma daji a bayan babur, buhu bibbiyu, kuma duk abin da aka kashe a hanya a kan tiya yake sauka.

ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, ta ce saboda jinƙai, ana dab da azumi, bayan Janar Yakubu Gowon ya yi kira a fili. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin Najeriya ranar 13 ga Maris. Wata bakwai ke nan da ɗoriya Kwangwalam na rufe.