Amsoshin Tambayoyinku: An Taya Tsohuwar Motar Gidanmu Daga Ƙasar Waje

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku ne a gabana wannan makon, duk maganarsu guda: tsohuwar mota tana kwance a gida, sai ga wani daga ƙetare ya ce yana so. Na fara da ta Garwa domin ita ce ba ta jira.

Wani matashi daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto: "Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 ƙirar 1978, shekara shida ke nan tana cikin rumfa. Na sa hotonta a Facebook, sai wani ya ce daga Faransa yake, ya taya Yuro 8,000 tun ban faɗi kuɗi ba. Ya ce zai turo 9,500, in cire 1,500 in tura wa wakilinsa mai ɗaukar kaya ta waya. Jiya ya aiko hoton takardar banki wai ya biya, yana ta matsa mini in sallami wakilin kafin Juma'a. In tura?"

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kada ka tura ko dala ɗaya. Mutumin nan ba motar yake so ba, 1,500 ɗin nan yake so, wanda a kuɗinmu ya kai sefa dubu 983 da ɗoriya, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Shi da wakilin nasa bakinsu ɗaya, wataƙila ma mutum guda ne da layin waya biyu. Takardar da ya aiko maka hoto ne kawai, yaro mai kwamfuta zai haɗa irinta kafin shayi ya huce. Wani lokaci ma cek suke turowa, banki ya rubuta kuɗin a asusunka, bayan makonni a gano na jabu ne a janye. Naka da ka tura ta waya kuwa na gaske ne, an cire shi tun a ranar, ba ya dawowa.

Ka koma ka karanta saƙonninsa tun daga farko. Ya tambaye ka lambar shasi? Ya ce ka ɗaga shimfiɗar ƙasan motar ya ga ko tsatsa ta ci? Ya nemi jin ƙarar injin? Na tabbata bai yi ba. Mai sayen tsohuwar mota na gaskiya mutum ne mai gajiyarwa. Zai sa ka kwanta a ƙarƙashinta da fitila, ya nemi hoton farantin da ke cikin gidan injin, ya tambayi ko kujerun na asali ne, ya kira ka ta bidiyo ya ce ka tayar da ita da sanyin safiya yana kallon hayaƙin da ke fitowa. Bayan duk wannan kuma ya nemi ragi. Ba wanda ya san darajar kuɗinsa da zai yi cinikin biri a sama, balle ya ƙara maka a kan abin da ba ka nema ba. Gaggawar Juma'ar nan ma da gangan ce, don kada ka samu sukunin shawara da kowa.

Ban ce Fijonku ba ta da masoya a Turai ba. Tana da su. An fara ƙera 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1975, kuma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Abin da ya sa ake leƙo ƙasarmu shi ne can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya cinye ƙasan motocinsu, mu kuwa busasshiyar iskar arewa ta bar mana ƙarfe lafiya. Ga shi sitiyarinmu a hagu yake, irin na Faransa da Amurka. Sai dai ka sani, waɗanda ake rububi a kansu su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, sai kuma waɗanda kamfanin Dangel ya mayar masu jan ƙafa huɗu. Mai ƙofa huɗu irin ta gidajenmu an ƙera ta da yawan gaske, ba ta yi wuyar samu ba. Ka shiga Leboncoin, inda Faransawa ke tallan kayansu, ka nemi ƙirar taku da shekararta, ka ga abin da ake nema a kan wadda ke tafiya da ƙafarta. Daga nan ka cire kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastan, da na gyaran motar da ta shekara shida a kwance. Abin da ya rage shi ne abin da mai hankali zai iya ba ka. In lissafin bai fita ba, mai saye na gida ya fi maka, ga shi kuɗi hannu mota hannu.

In Allah ya kawo na gaskiya, ga yadda nake so ka yi. A rubuta yarjejeniya da cikakken sunansa da hoton fasfonsa, da lambar shasi, da farashi, da wanda zai biya me. Kuɗi ya zo ta banki, daga asusu mai sunansa zuwa asusu mai sunanka, daidai da abin da aka yi ciniki, ba ƙari ba ragi. Kada saƙon waya ya ishe ka. Ka taka da ƙafarka zuwa bankin, ka zauna da mai kula da asusunka, ya tabbatar maka kuɗin sun zauna daram ba za a iya janye su ba. Tun kafin nan ma ka gaya masa fitar da kaya za ka yi, domin a dokar canjin kuɗi ta CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, wadda babban bankinsu BEAC ke kula da ita, kayan da suka kai sefa miliyan 5 sai an buɗe musu fayil a banki, kuma Yuro 8,000 ya haura miliyan 5 da dubu 247. Idan mai sayen ya ji tsoron biya gaba ɗaya, tsoronsa na kan hanya, shi ma bai san ka ba. Ya turo wanda ya yarda da shi ya duba motar a Garwa, ya ba da kafin alƙalami, ya cika sauran kafin a ɗora ta a babbar mota. Akwai kamfanonin da ke riƙe kuɗi amana tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma 'yan damfara suna ƙirƙirar shafuka na ƙarya masu kama da su, saboda haka kada ka shiga ta adireshin da shi ya turo maka. Maganar gado kuma ta shafe ka, ka karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa.

Wata baiwar Allah daga Marwa ta ce: "Maigidana ya rasu ya bar Land Cruiser BJ40. Wani ɗan ƙasarmu da ke zaune a Amurka yana so. Bakanikenmu ya ce in bari ya yi mata sabon fenti, ya cire tsohon injin ya sa na zamani, za ta fi tsada. Me ka gani?"

Hajiya, Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Ki ce wa bakaniken ya dakata. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, domin a kasuwarmu sabon fenti da sabon inji su ke ɗaga mota. Kasuwar can ba haka take ba. Toyota ta daina ƙera wannan samfurin a Japan tun 1984, masu nemansa kuma asali suke nema: injin dizal ɗin da ta fito da shi, lambarsa da ta shasi ba a taɓa ba, fentinta ko da rana ta dafe shi. In suka ga sabon fenti, abin da ke zuwa musu a rai shi ne an rufe tsatsa ko an cike wani wuri da ya lotsa. Tsohon fenti kuwa ba ya ɓoye komai.

Ba sha'awa kaɗai ba ce, har da doka. Amurka tana barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da an tilasta mata ƙa'idojin sababbin motoci ba, kuma sassaucin da suke yi kan hayaƙi, na shekara 21, ya rataya ne a kan injin ya kasance yadda aka ƙera shi. Da Faransa za ta nufa, motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata wani muhimmin abu ba, ana ɗaukarta kayan tarihi: ba kuɗin fito, haraji kashi 5.5 cikin ɗari. Wadda aka taɓa kuwa tana iya faɗawa layin sauran motoci, fito kashi 10 da haraji kashi 20. A kan Yuro 10,000, bambancin 550 ne da 3,200. Kin ga injin da za ki kashe kuɗi ki sa, shi zai sa mai saye ya rage miki.

Abin da za a yi mata kaɗan ne. A wanke ta ciki da waje, a sa batir, a juye mai, a gwada ko za ta tashi. Duk wani tsohon ƙarfe da aka taɓa cirewa aka jefa a ɗakin ajiya, da littafinta, da rasit ɗin gyara, har da hotunan marigayi da ita in kin yarda a bayar, a tattara su wuri guda. Aibinta kuma a faɗa tun da wuri, in giya tana ƙwacewa ko inji yana shan mai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu, kuma nisan mai saye bai sauke mana wannan nauyin ba.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Motar nan ta zama ta magada. In akwai 'ya'ya, rabonki tumuni ne, sauran na waɗanda Allah ya ba. Na sha ganin zumunci ya lalace a kan mota guda, domin an sayar wani yana tafiya bai sani ba, ya dawo ya ji farashin a bakin mutane, an riga an ninka shi. Ki tara su, a yi maganar a gaban malami ko dattijon gida, kowa ya ji kuɗin da kunnensa ya sa hannu. In akwai marayu ƙanana, waliyyinsu ya tsaya musu. Ta fuskar hukuma kuma, kat giriz ɗin, wato takardar mallakar motar, da sunan marigayi take, mamaci kuwa ba ya sa hannu a takardar ciniki. Sai an samu hukuncin kotu mai tabbatar da magada, da takardar da suka wakilta mutum ɗaya ya sayar a madadinsu, da shaidar cewa ba a jinginar da motar ba. Wannan yana cin lokaci, ki fara shi tun yau. Mai sayen ɗan gida ne, na ji, amma shi ma a rubuta, a kafa shaidu.

Na ƙarshe daga Njamena, wani Alhaji mai Mercedes 200D ta shekarun 1980: "Mun daidaita da wani a Beljiyam. Wa zai biya kuɗin kai ta, kuma ta ina?"

Alhaji, tunda Chadi ba ta da teku, sai tashar jirgin ruwa ta Duwala ko Kiribi a Kamaru, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, ko ta Kusseri da Marwa da Garwa, ko ta Mundu da Tuboro, duk a haɗu a Ngawundare inda layin dogo ya fara. Kada a tuƙa ta, a ɗora ta a babbar mota. Shawarata ka sayar a ƙofar gidanka, abin da 'yan kasuwar duniya ke rubutawa EXW, dawainiyar hanya ta zama tasa, kai dai ka taimaka da takardu. In ya dage sai FOB Duwala, ma'ana kai za ka kai ta har cikin jirgi, to kada ka yanke farashi sai taransite mai lasisi, wato wakilin fitar da kaya, ya rubuta maka kuɗin komai: ɗauka, duwan na Chadi da Kamaru, tashar jirgi, da kuɗin kwana in ta makale a can. Wannan na ƙarshen shi ke cinye riba, kullum ƙaruwa yake.

Kwantena mai ƙafa 20 ta ishe ta, kuma ta fi jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su, inda madubi da tambarin gaba kan yi ƙafa. A rage man tanki, a cire kan batir, a ɗaure tayoyi, a ɗauki hotonta ta kowane ɓangare kafin a rufe a buga hatimi. Kada ka yarda a cusa kayan kowa a cikinta, sunanka ne a takarda. In ya roƙe ka ka rubuta farashi ƙasa da na gaskiya don ya rage haraji, ka ƙi, domin banki da duwan za su gwada takardun da kuɗin da suka shigo. A yi mata inshorar teku a kan cikakken farashinta. Takardar jirgi ta asali kuwa, duk wanda ke riƙe da ita shi ake miƙa wa mota a tashar Antwerp ta Beljiyam, saboda haka tana hannunka har sai ragowar kuɗinka ya shigo. Ka cire lambobin motar, ka sanar da ofishin sufuri cewa ta bar ƙasa, ka ajiye kwafin kowace takarda a gida.