Ganawar Neman Koyon Aikin Sola: Kada Ka Tafi da Sunan Kawu Kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 22, ina zaune a Unguwa Uku a Kano, kuma shekara biyu ke nan ina sana'ar POS a bakin titi, inda nake samun ribar naira 3,000 zuwa 4,000 a rana. Wani kamfani mai haɗa wutar sola zai ɗauki yara masu koyon aiki, an kuma kira ni ganawa ranar Litinin ta sama. Kawuna abokin mai kamfanin ne, ya ce ya riga ya yi magana, in je kawai a ga fuskata. Nawa ya kamata in nemi a riƙa biya na, kuma idan na yi wata shida zan iya buɗe nawa wurin? Na ji ana samun kuɗi sosai a harkar.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tambaya biyu ka yi mini, zan kuma zo kansu, amma abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne maganar nan da ka faɗa a tsakiya kamar ba komai ba, wato kawu ya riga ya yi magana, kai dai ka je a ga fuskarka. Da wannan magana ka sallami kanka daga duk wani shiri, har ka tsallake ranar Litinin gaba ɗaya ka fara lissafin albashi da hayar shago, alhali ba a ɗauke ka ba tukuna.

Ba na shakkar cewa maganar kawunka za ta yi aiki. Mai kamfanin zai ji nauyin abokinsa, da wuya kuma ya ce maka ka koma gida. To, daga nan ne matsalar take farawa, domin yaron da aka ɗauka don kunya matsayinsa daban ne da na yaron da aka ɗauka don an ga alamar zai yi amfani. Ubangida yana iya kasa ƙin karɓarka, amma babu kawun da zai tilasta masa ya buɗe maka cikinsa ya koya maka abin da ya shafe shekaru yana tarawa. Shekarun baya na ga haka da idona a wurin wani abokina mai aikin wayarin gidaje. Wani dattijo da yake ganin girmansa ya aiko masa da ɗan ƙanwarsa, yaron ya zo ganawa hannu rabbana, aka tambaye shi me ya sani game da aikin ya ce ai Alhaji ya ce an gama magana. Abokina ya karɓe shi, bai ce masa uffan ba. Sai da yaron ya yi sama da shekara a wurin yana shara da sayo abinci da gadin mota idan an fita aiki, sa'o'insa kuwa da suka shigo tare sun fara ɗaura mita da kansu. Da na tambayi abokina dalili, sai ya ce mini ba zai iya yi wa yaron tsawa ba don kada magana ta koma wa Alhaji, wanda kuwa ba za ka iya yi wa tsawa ba, ba za ka bar shi ya taɓa waya mai wuta ba. Yaron ya gaji ya tafi da kansa, dattijon kuma har yau yana ganin an yi wa ɗansa rowar ilimi. Zanen aro ba ya rufe katara, mutuncin kawunka kuwa aro ne a jikinka.

Saboda haka aikin da ke gabanka a kwanakin nan shi ne ka shirya kamar babu wanda ya san ka a wurin, yadda mai kamfanin zai tashi daga ganawar yana cewa a ransa ko ba don abokinsa ba zai ɗauke ka.

Abin da ya fi damun mai irin wannan sana'a game da sabon yaro shi ne amana, tun kafin a zo maganar basira. Mai haɗa sola yana shiga har uwar ɗakan mutane, yana hawa rufin gidajensu, ana barin sa da batura da inbata na miliyoyin naira, ga wayar tagulla wadda guntunta ma kuɗi ne a wurin 'yan gwangwan. Idan waya ta ɓata ko wayar salular matar gida ta yi ƙafa, sunan kamfanin ne ya ɓaci. Kai kuwa kana da shaidar amana a hannunka wadda yawancin waɗanda za ku zauna layi tare ba su da ita, amma ko ambatonta ba ka yi a matsayin abin da za ka nuna ba. Shekara biyu kana juya kuɗin mutane a bakin titi. Idan kana da littafin da kake rubuta shige da ficen kowace rana, ka ɗauke shi ka tafi da shi, komai tsufansa da dattinsa, ka ajiye a gaban mutumin ka ce ga yadda kake riƙe lissafi. Idan ba ka da littafi, ka fitar da bayanan cinikinka na wata uku daga na'urar ko daga manhajar, ka buga a takarda, sannan ka sani cewa rashin littafin nan aibi ne da ya kamata ka gyara ko ka samu aikin ko ba ka samu ba. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin yaron da ya zo da takardar sakandare mai kyau da yaron da ya zo da littafin ciniki na shekara biyu babu tsallaken rana, na biyun zan ɗauka.

Sai kuma aikin kansa. Babu wanda yake tsammanin mai neman koyo ya zo da ƙwarewa, amma akwai bambanci tsakanin wanda bai iya ba da wanda bai taɓa damuwa ya leƙa ba. Kafin Litinin ka nemi wani mai haɗa sola a unguwarku, ka roƙe shi ka bi shi aiki ko da kwana biyu ne, kana ɗaukar masa tsani kyauta. Ka san farantin sola da kwantirola (mai daidaita cajin batir) da batir da inbata, ka san aikin kowanne da yadda wuta take bi daga wannan zuwa wancan. Ka san cewa faranti da batir wutarsu iri ɗaya ce, inbata ce take juya ta zuwa irin wadda fanka da firji suke amfani da ita. Ka san cewa batir biyu masu bolt 12 idan aka jera su kan wannan a wutsiyar wancan suna ba da bolt 24, idan kuma aka haɗa su kai da kai, wutsiya da wutsiya, bolt ɗin yana nan a 12 sai dai su fi daɗewa. Ka iya lissafin nan mai sauƙi: batir mai bolt 12 da aka rubuta 200Ah a jikinsa yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma idan irin na ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka abin da za ka dogara da shi 1,200 ne, wanda zai riƙe fanka mai wat 60 da ƙwan fitila huɗu masu wat goma-goma kamar awa 12, a rage ɗan abin da inbata take ci. Mai lissafin cajin POS a ka ba zai gagara wannan ba. Ba lallai a tambaye ka shi ba, amma idan zance ya biyo ta nan aka ga ka taɓa zama ka yi tunaninsa, kallon da za a yi maka ya canza.

Inda kuma ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka ƙara da cewa kana so a nuna maka. Kada ka kuskura ka yi kame-kame don ka burge. A wannan sana'a yaro mai cewa ya iya abin da bai iya ba shi ne mai juya kan batir ya ƙona kwantirola, ko ya sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri har ta yi zafi ta kama silin. Masu kamfani sun san haka, shi ya sa wasunsu da gangan suke jefo tambayar da suka tabbata ta fi ƙarfin yaro, don su ga ko zai yi ƙarya. Za a iya miƙa maka mita a ce ka auna batir, za a iya tambayar ka ko kana tsoron hawa sama, ko za ka iya kwana a wani gari idan aiki ya kai ku. Ka amsa da gaskiya, kuma idan akwai wani uzuri na gida da zai hana ka tafiya, ka faɗe shi tun yanzu.

Yanzu ga maganar kuɗi. Kada kai ka fara tayar da ita, kuma kada ka je da wani adadi a bakinka. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 ba shi ne ma'aunin ɗan koyo ba, dokar ma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Abin da aka saba ba mai koyo shi ne kuɗin mota da na abinci, da ɗan ihsani idan an fita aiki an dawo. Lissafin da ya kamata ka yi a gida shi ne wannan: a kwana 26 na aiki, teburinka na POS yana kawo maka tsakanin naira 78,000 da 104,000 a wata, kuma mafi yawan wannan za ka rasa shi na tsawon lokaci. Shin akwai wanda yake ci daga hannunka? Idan akwai, ka san yadda za a yi da shi kafin ka amsa. Idan za ka bar wa wani teburin, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ku ƙirga jarin a gaban shaida, ku kuma riƙa rufe lissafi kowane dare.

Idan aka ce ko kana da tambaya, to a nan ne za ka nemi sanin shekara nawa koyon zai ɗauka, wa zai riƙa koya maka, ranakun aiki da lokutansa, wa zai biya idan kaya suka lalace a hannunka bisa kuskure, wa zai ɗauki magani idan ka faɗo daga tsani, da kuma ko za a ba ka takardar shaida ranar yaye. Ka roƙa cikin ladabi a rubuta waɗannan a takarda. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi cewa yarjejeniyar koyon sana'a ta zama a rubuce, kuma kada ta wuce shekara biyar. A nan ma sabon da ke tsakanin kawunka da mai kamfanin zai iya cutar da kai, domin za a ce ai duk gida ne, ba sai an yi rubutu ba, ranar da saɓani ya zo kuma kowa zai tuna maganar yadda ta yi masa daɗi, kai ne ƙarami, kai za a ba rashin gaskiya.

Batun buɗe naka wurin bayan wata shida kuwa, ka cire shi daga ranka, kuma don Allah kada ya fito daga bakinka ranar Litinin, domin babu mai ɗaukar yaron da ya sanar da shi tun ranar farko cewa ya zo ne ya kwashi abokan cinikinsa ya gudu. Gaskiya ne harkar ta buɗe tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, mutane da yawa suka gaji da janareta. Amma wannan buɗewar ce ta cika gari da masu koyon wata uku, waɗanda suke haɗa wa mutum kayan miliyan biyu batir ya mutu kafin shekara, su kashe waya su ɓace. A wata shida za ka iya ɗaura faranti a rufi. Auna bukatar gida, da zaɓen kaurin waya, da gano abin da ya sa inbata take kuka da tsakar dare, waɗannan sai ka ga damina da rani da hazon hunturu sun wuce a kan aikin da ka sa hannu, ba sau ɗaya ba. Ka sa wa ranka shekara biyu zuwa uku, ka kuma yi niyyar zana jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya, saboda manyan ayyuka na ofisoshi da kamfanoni sukan nemi takarda.

Kawunka yana da amfani, amma ka sa shi inda ya dace. Ka je ka gaishe shi, ka yi masa godiya, ka tambaye shi halin abokin nasa: me yake so, me yake ƙi, yaya ya rabu da yaran da suka gabata. Ka roƙe shi ya zama mai tsaya maka idan an nemi wanda zai sa hannu, tunda kusan ko'ina ana nema. Sannan ka roƙe shi kada ya raka ka, kada kuma ya buga waya ranar. A cikin ganawar kada ka ambaci sunansa sai in an tambaye ka, in an tambaya kuma ka ce e, kawunka ne, ka tsaya a nan. Ranar Asabar ka je ka ga inda wurin yake don ka san tsawon tafiyar, ranar Litinin kuma ka isa da rabin awa kafin lokaci, da takalmi rufaffe wanda za ka iya hawa tsani da shi idan aka ce ka gwada, da littafin cinikinka a hannu.