Tsohuwar mota da ba ta yawan fita: wane baƙin mai, kuma yaushe za a yi juye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne a Zariya. Ina da Toyota Camry ƙirar 2004 mai silinda huɗu, 'yar Amurka ce. Tun da na yi ritaya, tafiyarta ba ta wuce masallacin Juma'a, kasuwar Sabon Gari da kai jikoki makaranta. A shekara da ƙyar take cin kilomita 3,000. Bakanikena ya ce tunda ta tsufa sai dai mai kauri, 20W-50. Ɗana kuma ya ce kada in ɓata kuɗi, in bari sai ta cika kilomita 5,000 kafin juye, ko da za a shekara biyu. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Bari in fara da maganar yaronka, domin ita ce ta fi haɗari, duk da cewa da kyakkyawar niyya ya faɗe ta.

Mutane da yawa suna ɗauka motar da ba ta zuwa nesa hutawa take yi. A wajen inji kuwa, irin tafiyar da ka bayyana tana cikin mafi wahala. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya, a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, shi ya sa kake ganin ruwa yana ɗiga daga can da sanyin safiya. Amma wani kaso yana ratsa gefen ringi ya gangara cikin mai. Haka ma fetur: idan inji yana da sanyi, kwamfutar motar tana ƙara masa fetur, wanda bai ƙone ba sai ya wanke jikin silinda ya sauka ƙasa ya tsinka man. Abin da ke korar ruwan da fetur ɗin shi ne zafi. Sai man ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 kuma ya daɗe a haka kafin su ƙafe. Daga gida zuwa Sabon Gari, allurar zafi ma da ƙyar za ta tashi, balle man, wanda ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi. Ka kashe, ruwan ya zauna, gobe a ƙara wani. Idan ya haɗu da dattin ƙuna sai ya zama asid da wani baƙin kunu mai danƙo da ke toshe hanyoyin mai. Wannan ya sa littattafan motoci da yawa suke lissafa tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba cikin aiki mai tsanani, tare da tuƙi cikin ƙura. Mu kuma a nan duka biyun muna da su.

Saboda haka kalanda za ka bi, ba mita ba. Abin da Toyota ta tsara wa motocin wannan zamanin a Amurka shi ne mil 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Mutane suna riƙe rabin farko su manta na biyu. Kai wata shida ne zai riƙa riga zuwa kullum. Ni da motata ce, zan yi juye a watan Maris bayan ƙurar hunturu ta lafa, in sake a Satumba ko Oktoba, ƙarshen damina, kowane karo da sabuwar filta. Wanda yake hawa babban titi akai-akai da mai nagari zai iya kaiwa shekara, amma ban yarda kowa ya wuce shekara ba, ko da motar a gareji ta kwana duk tsawon lokacin. Af, tunda 'yar Amurka ce, mitarta mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 5,000 kusan kilomita 8,000 ne. Ka tabbata da wanne kake lissafi.

Sai batun kauri. Lambobin da ke jikin galan ma'ana gare su. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana da sanyi. Ƙanƙantarta ita ce saurin isarsa saman inji idan ka tada mota. Ta biyu kuma kaurinsa ne a digiri 100. Injin motarka, 2AZ-FE, 5W-30 aka rubuta masa, kuma sau da yawa za ka gani a kan murfin da ake zuba man. Yana da tsarin VVT-i, wanda da ƙarfin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul ta wasu ƙananan ramuka da wata 'yar rariya. Mai kauri yana jinkirin shiga irin waɗannan wurare. Kuma ka tuna, mafi yawan cin ƙarfe a inji yana faruwa ne a lokacin tashi da sanyi, kai kuwa kusan duk tafiyarka a wannan yanayin take ƙarewa. Wato kai ne ka fi kowa buƙatar man da ke gudu da wuri.

Ban ga laifin bakaniken ba ƙwarai. Galibin manyan masu sana'ar a kan Peugeot 504 da 505 na Kaduna suka koyi aiki, kuma waɗannan injuna 20W-50 yana yi musu daidai. Sabo ne ya bi su har kan motocin da aka ƙera da wani tsari dabam. Shekarun mota ba su ne ke sa a canza kauri ba, halin injin ne. Idan ba ta shan baƙin mai, ba ta hayaƙi mai shuɗi, fitilar baƙin mai ba ta ƙyaftawa idan ta yi zafi a tsaye, ka zauna a kan 5W-30. Idan ka ga tana rage mai sosai tsakanin juye da juye, a fara duba yoyo tukuna, sannan a hau mataki ɗaya zuwa 5W-40 ko 10W-40, wanda kuma zai jure zafin Afrilu. Akwai kuma man da ake yi musamman don motocin da suka haura mil 75,000, mai ɗauke da sinadarin da ke tausasa robobin da suka bushe. Yana taimaka wa ƙaramin tsattsafi, amma ba ya gyara robar da ta tsage.

Bayan kauri, ka duba bayan galan ka nemi alamar API, wadda ke nuna matakin ingancin man. Motar 2004 tana buƙatar SL aƙalla. SM, SN da SP sun fi sabunta kuma duk suna yi mata. Batun sintetik kuwa, wato man da aka sarrafa da sinadarai, yana da kyau, kuma ba ya huda inji kamar yadda ake faɗa, sai dai ya wanke dattin da ya daɗe yana rufe wani tsohon yoyo. Amma tunda bayan wata shida za ka zubar, ba dole ba ne ka sayi mafi tsada. Abin da nake roƙonka shi ne ka guji man awo na bakin titi da ake zubawa a gorar ruwa. Ka saya da kanka a gidan mai ko wajen dila amintacce, a rufe da hatiminsa, a buɗe a gabanka. Kuma kada ka bari a zuba maganin wanke inji a tsohuwar mota da ba ka san tarihinta ba, yana iya ɓamɓaro dattin ya toshe rariyar famfon mai.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tambayi bakaniken: shin tamostat, wato abin da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi, yana nan? An saba cire shi a garejinmu da zarar mota ta iso, a haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, wai don ƙasarmu zafi gare ta. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, fetur ya ƙaru, ruwan da muka ambata ya taru. Idan an cire, a mayar.

Barin mota tana aiki a tsaye minti goma da safe ba ya maganin wannan, ƙara shi ma yake yi. Ka tada, ka ba ta rabin minti, ka ja a hankali. Sau ɗaya a mako ko mako biyu ka hau hanyar Funtua ko ta Kano ka yi rabin awa ba tsayawa. Kowace Juma'a kuma kafin ka tada, a wuri mai daidai, ka zaro gejin baƙin mai ka duba. Baƙin launi kaɗai ba matsala ba ne, alama ce man yana kwashe datti. Amma idan ka ji warin fetur sosai, ko ka ga man ya ƙaru da kansa, to a juye ba tare da jiran watan ba. Idan kuma ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto kuma yana raguwa, kada ka sake tada ta sai an duba gasket ɗin tof.