Kafin ka kai ƙara kotu, ga abin da za ka kashe

Tambaya: Na ba wani abokin ciniki atamfa da shadda na naira miliyan 1.8, wata bakwai ke nan yana yi min gobe-jibi. Nawa zan kashe idan na kai shi kotu? (Ɗan kasuwa, Kantin Kwari)

Alhaji, kuɗin ƙara ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai na shigar da ƙarar, wanda rajistara ke lissafawa gwargwadon abin da kake nema. Akwai na kai sammaci, da na rantsuwa a kan takarda, sai kuɗin motarka da na shaidunka duk ranar zama, ko da an ɗage. Tun da kana Kano, fara da kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a 2019. An kafa ta ne don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, da nufin a gama cikin kwana 60, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Sai ka fara aika masa takardar neman biya, ka ajiye kwafi. Tattara littafin bashi, da alat na banki, da saƙonnin da ya amsa cewa ana bin sa. Ka kuma tabbatar da inda yake kwana, domin muddin sammaci bai same shi ba, shari'a ba ta motsi.

Amma ka sani, hukunci takarda ce. Idan ka ci kuma ya ƙi biya, za ka sake biyan kuɗi a kama kayansa ko a riƙe asusunsa na banki. In shagon haya yake kuma kantarsa ta bushe, ka yi tunani sau biyu, ka fara gwada shugabannin kasuwa.

Tambaya: Ina bin maƙwabcina naira 15,000. Ba kuɗin ne damuwata ba, so nake ya ji a jikinsa.

Malam, kai ne za ka ji a jikinka. Zuwa uku a adaidaita sahu da wunin da za ka bar sana'arka sun cinye kuɗin. Je wajen mai unguwa ko limamin masallacinku.

Tambaya: Mijina ya rasu, 'yan'uwansa sun hana mu gado ni da yara huɗu. Na je kotu, wani a bakin ƙofa ya ce in ba shi naira 40,000 zai buɗe min fayil, ya san alƙali. Na ba shi rabi, yanzu ba ya ɗaga waya. (Wata baiwar Allah, Zariya)

Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayu. Kada ki zargi kanki, 'yar'uwa, irin waɗannan mutanen masu takaba da baƙin kotu suke farauta, don sun san hankalinsu a tashe yake. Haƙƙinki bai faɗi ba. Ki shiga ofishin rajistaran kotun shari'ar Musulunci da ƙafarki, tare da wani naki, ki faɗi kokenki da baki, za a rubuta. Ki tafi da jerin abin da mamacin ya bari da sunayen magada duka.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan matsalar ta fi kuɗin kotun kansa cin aljihun talaka. Duk kuɗin da doka ta ɗora yana da rasit. Rajistara ya lissafa, ya rubuta, ka biya a wajen mai karɓar kuɗi ko a banki, a ba ka takarda mai lamba da hatimi. A Babbar Kotun Tarayya ma ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet ko ta banki. Abin da ka miƙa a gindin bishiya ko a bayan mota bai shiga fayil ɗinka ba. Illar ta wuce asarar kuɗin, saboda takardar da ba a biya mata kuɗin shigarwa ba, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya tsayawa ya ce ba ta gaban kotu, ka koma farko bayan ka ɓata watanni. Mutum zai sayi buhun shinkafa ya tsaya sai an auna a gabansa, amma ya zo maganar gidan da ya gada, ya damƙa dubbai ga wanda ko cikakken sunansa bai sani ba! Shi kuwa mai cewa ya san alƙali, cin hanci yake gayyatarka, in abin ya tashi har da kai a ciki.

Haka batun lauyan bogi. Baƙar kwat ba shaida ba ce. Lauya na gaske yana da ofis da za ka je ka zauna, yana da lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, kuma yana manna tambarin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa mai ɗauke da sunansa a takardun da ya shigar. Ƙa'idar aikinsu ta hana su tare mutane a harabar kotu suna neman ciniki, don haka wanda ya biyo ka da gudu, wannan kaɗai ya isa ka ja baya. In kun daidaita da lauya, a rubuta: nawa ne kuɗin aikinsa, nawa ne na kotu, akwai kuɗin kowane zama ko babu, ɗaukaka ƙara na ciki ko daban. Yawancin rigimar mutum da lauyansa daga rashin wannan rubutun take tasowa.

Tambaya: Ba gara in kai wanda nake bi bashi wajen 'yan sanda ba? Ya fi sauri.

A'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. In ka sa aka tsare shi, yana iya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi diyya.

Tambaya: Mota ta buge ɗana, mai motar ya ƙi biyan kuɗin asibiti, ni kuma leburanci nake, ba ni da kuɗin lauya.

Sannu Baba, Allah ya ba yaron lafiya. Nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa a babban birnin jiharku. Dokarta ta 2011 ta tanadi taimako kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024, kuma ƙarar haɗari na cikin abin da take ɗauka. Ka adana kowane rasit na asibiti da na kemis, da rahoton haɗarin, da lambar motar. Idan kuma motar hukuma ce, kada ka yi jinkiri ko kaɗan, domin dokar da ke kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara.