Ruwan da ke tsattsafowa a gindin jinga

Ka ce ruwa na tsattsafowa a gindin jingar ta baya, wai ko ka liƙe da siminti. Kul! Ɗebo shi a gora ka ɗaga wa rana tukuna. In garau yake, ka sa masa ido kawai, babu jingar ƙasar da ba ta yoyo kaɗan. In kuwa ya fito da laka, cikin jingar yake kwasowa, rami ne ke cin ta daga baya zuwa gaba. Ka toshe nan, ya ɓulle can. Kewaye wurin da buhunan yashi har ruwan ya taru ya daina fito da ƙasa, sannan ka shimfiɗa yashi, tsakuwa a kai, dutse a sama.

Irin wannan ce ta ci jingar wani mai fili a bakin rafi, bayan ambaliyar Yulin 2012 da ta ɗaiɗaita unguwannin Rikkos da Gangare a Jos. Ni na yi masa aikin, an yi da shi jar ƙasa mai yumɓu zai kawo. Sai ga tifofinsa da dare da yashin tsofaffin ramukan kuza, don ya fi araha. Yashin nan ko ka jiƙa ka dunƙule a hannu, kana buɗewa zai wargaje. An ce a zuba santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, rola ta danne kafin a ƙara. Ya ce hayar rola da tankar ruwa asara ce, a jibga rabin mita katafila ta bi ta kai. Ramin da ake tonawa a ƙarƙashin tsakiya a cika da yumɓu don tare ruwan ƙasa, ya hana. Gangaren da ya kamata ya kwanta mita 3 a kowace mita 1 ta tsayi, ya tsuke shi don kada filinsa ya ragu. Ruwan Agusta na zuwa saman ya zauna, ya tsage, ruwa mai laka ya ɓullo ta gefen kwalbati. Mutumin nan ya riƙe min cikon kuɗina har yau, wai aikina ne bai yi kyau ba!

Ku yaran yanzu waya kuke kallo, ba ƙasa ba. In za ka gina jinga, ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a tsayi saboda zama, ka dasa ciyawar jema a gangaren, bishiya kuwa ko ɗaya. Gobe ka zaga ka nemo min ramukan gara da na gafiya.